Tambaya da Amsa: Laifin Yaran ne ko na Titin?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Yarana uku kullum sai sun tsallaka babban titi kafin su je Islamiyya. Akwai gadar tsallakawa, amma tana da nisa, ga matakala kamar hawan dutse. Makon jiya saura ƙiris adaidaita sahu ya kwashe ƙaramar. Maigidana ya ce laifinsu ne tunda ba su hau gada ba. Haka ne? Daga wata uwa a Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya ƙara tsarewa. Ki gaida maigida, amma a nan ban goyi bayansa ba.

Ƙaramin yaro ba ya iya auna gudun mota. Yana hango ta can, sai ya ɗauka zai riga ta. Gudun kuwa shi ke kisa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa idan gudu ya tashi daga kilomita 50 zuwa 65 a awa, haɗarin mutuwar wanda aka buge yana ninkawa sau huɗu da rabi. Dokar Najeriya kilomita 50 a awa ta yarda a yi cikin gari. Ki tsaya bakin Titin Zariya bayan Magariba ki ƙirga masu kiyayewa.

Ita gadar, don kada mota ta tsaya aka yi ta. Na taɓa kai mahaifiyata gindin irinta, tana dogara sanda. Ta ɗaga kai ta dubi matakalar, ta ce mini, "Mu koma gida." Ban manta ba. Mai ciki fa? Mai keken guragu fa? Kullum ina cewa, inda kika ga jama'a sun dage suna tsallakawa, nan ne ya kamata a gyara musu: tudun rage gudu kafin wurin, ɗan dandamali a tsakiyar titi da mutum zai tsaya ya numfasa, da fitila mai haske da dare. A 2019 ko mutum ɗaya mai tafiya a ƙasa mota ba ta kashe ba a Oslo da Helsinki, manyan biranen ƙasashen Norway da Finland, waɗanda suka rage gudu a titunansu.

Jami'an KAROTA, masu kula da zirga-zirgar ababen hawa a Kano, da na hukumar kiyaye haɗurra sun fi amfani a kan direban da ya bi hannun da ba nasa ba, domin yaro gefe ɗaya yake dubawa.

Ki tara iyayen unguwarku, ku je wajen mai unguwa da shugaban Islamiyyar. Ku rubuta wa ma'aikatar ayyuka da KAROTA takarda ɗaya, ku faɗi ainihin wurin da lokacin tashin yara. Kafin a amsa muku, ku raba kwanaki tsakaninku, kullum babba ɗaya ya tsallakar da su gaba ɗaya, ƙananan a riƙe da hannu.