Kafin Alƙalami: Amsar Maigida Ga Yaronsa Mai Zane

Ka ce wani bawan Allah ya ga zanen da kake sakawa a Facebook, yana so ka zana masa littafin labari mai shafi 24. Labari nasa, fitar da kamannin mutanen ciki naka, kuɗi kuwa sai an buga an sayar a raba riba. Kana tambayata ko ka karɓa. To ɗana, ajiye fensirin nan tukuna, ja benci ka zauna.

Shafi ɗaya kwana nawa yake cin ka? Shekara biyu ke nan ina kallon hannunka a shagon nan. Ka raba shafi gida-gida, ka yi zanen fensir, ka bi da tawada, ka sa launi, ka rubuta maganganu a bakin mutane, kwana biyu cur, shi ma in an samu wuta. Shafi 24 kwana 48 ke nan, ban sa bango ba, ban sa gyara ba. Wata biyu. A cikinsu wa zai saya maka data? Wa zai biya maka kuɗin keke daga Yelwa zuwa Wunti kullum? Magini in ya ɗora bulo, da yamma ake sallamarsa, ba mai ce masa ya dakata sai an samu ɗan haya. Don haka kuɗinka a kan shafi za ka yanka: abin da kake buƙata a rana, sau kwanakin da shafi yake ci, bango kuma da nasa farashin daban, don shi ke sayar da littafi.

Kuma ka karɓi kafin alƙalami. Sunan ma ai daga wurin masu riƙe alƙalami ya fito. Ni kashi uku nake rabawa: ɗaya kafin in taɓa takarda, ɗaya in ya ga zanen fensir ya amince, cikon ranar miƙa aiki. Na san kunya kake ji, kana ganin kamar roƙo ne. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wanda ya ƙi ba ka kashi ɗaya yau, da wuya ya ba ka uku gobe.

Amma abin da ya fi damuna a maganar mutumin nan ba jinkirin biya ba ne. Abu biyu mai zane yake sayarwa, yawancin yara ba su san biyu ba ne: guminsa, da mallakar abin da ya ƙirƙira. Yarinyar da za ka zana masa, kai za ka ba ta ido, ka zaɓa mata mayafi, ka san yadda take tsayuwa in ta yi fushi. Gobe in labarin ya karɓu aka ce za a mai da shi fim, ko a buga ta a jikin jakar makaranta, ta wace ce?

A Amurka, a 1938, wasu samari biyu 'yan garin Cleveland, Jerry Siegel mai rubutu da Joe Shuster mai zane, suka sayar da labarin Superman mai shafi 13 a kan dala 130. Dala goma kowane shafi, kuma da mallakar gaba ɗaya suka sayar. Kamfani ya kwashi dukiya shekara da shekaru, su kuwa suka yi ta shari'a, mallakar Superman ba ta dawo musu ba. Shuster ya tsufa cikin talauci, idonsa ya kusa mutuwa. Sai a 1975 aka amince a riƙa ba kowannensu dala 20,000 a shekara, aka mayar da sunansu kan aikin. Duk sanda na tuna Shuster raina yana ɓaci, don hannu ne irin namu.

A nan gida akwai dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, kuma a ƙarƙashinta sallama wa wani mallakar aikinka sai a rubuce. Wannan kariya ce gare ka, muddin ba ka sa hannu a kan abin da ba ka karanta ba. Takardar ba sai ta yi tsawo ba: yawan shafi, kuɗin kowanne, ranakun biya, ranar miƙa aiki, wa ke da mallakar mutanen labarin, sunanka a bango, da sau nawa za a yi gyara. Kada ka manta da na ƙarshen nan. Gyara biyu kyauta, kuma tun a zanen fensir. Bayan an bi da tawada, duk wanda ya ce a juya fuskar tsoho ta kalli hagu, sabon aiki ya kawo. In ya ce ai mu 'yan'uwa ne, me ya kai mu rubutu, tuna masa cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, umarni ce a rubuta bashi.

Ni an taɓa ƙona ni. Na zana wa wasu mutane ɗan littafin wayar da kai kan tsaftar ruwa, na miƙa musu aikin duka kafin ciko. Cikon bai zo ba har yau, sai dai na je Gombe na tarar da zanena manne a bango, an yanke gefen da sunana yake. Tun ranar, abin da nake turawa a duba ƙaramin hoto ne da sunana a tsakiya, wanda ba zai bugu ba. Na bugawa sai kuɗi sun shigo.

Tunda na ambaci bugawa: littafin da ake ɗinkewa da waya a tsakiya, dole yawan shafinsa ya rabu da huɗu, don kowace takarda in an naɗe shafi huɗu take bayarwa. 24 ya yi daidai. Ka yi aikin a kan ɗigo 300 a inci, ka bar rarar milimita 3 a gefe saboda wuƙar yanka. Launin waya da haske yake fita, na maɗaba'a da tawada huɗu, shi ya sa shuɗin da ya ɗauki ido a allo yake dusashewa a takarda. Sa a buga maka shafi ɗaya ka gani da idonka tukuna.

Sai naka ɓangaren. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. In ka karɓi kuɗi ka ce ran goma ga wata, to ran goma ne. In ka ga za ka makara, kai za ka fara kira, kada ka kashe waya. Na ga masu hannu da suka fi ni nesa ba kusa ba sun bar sana'ar saboda saɓa alkawari kaɗai. Kada kuma ka saki bangon littattafan marubuta da zanen allon shaguna da muke yi, su za su riƙe ka sanda babban aiki ya yanke.

Ban ce ka kore shi ba, wataƙila mutumin kirki ne da bai san yadda ake yi ba. Kira shi da yamma. Ce masa za ka fara da shafi huɗu, ya biya kuɗinsu, kowa ya ga aikin ɗan'uwansa. In yana son rabon riba, ya zama ƙari a kan kuɗin shafi, kuma mallakar mutanen da ka zana ta zama taku ku biyu. Duk abin da ya turo a rubuce, kawo mini mu karanta tare kafin ka sa hannu.