Mai Keke Napep na lantarki zai biya kuɗin gyaran hanya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sana'ar Keke Napep a Jega, kuma ina tara kuɗin sayen mai aiki da batir saboda tsadar fetur. Abokan aikina sun ce duk wanda ba ya shan mai cin bulus yake yi a kan kwalta, wai daga kuɗin fetur ake gyaran hanya, kuma gwamnati za ta ɗora mana haraji na daban. Mene ne gaskiyar maganar?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Maganar abokan aikinka tana da tushe, amma tushen nata yana ƙasashen waje. A Amurka, gwamnatin tarayya tana karɓar santi 18.4 a kan kowane galan na fetur tun 1993, kuma da shi ake cika asusun manyan hanyoyi. Kuɗin ya fara kasawa tun kafin motocin lantarki su yawaita, da suka yawaita kuma sai kowa ya shiga neman mafita. Jihar Texas ta sa wa mai motar lantarki dala 200 a shekara. Jihar Oregon tun 2015 ta buɗe tsarin biya gwargwadon nisan da mutum ya yi. Ƙasar Niyuzilan kuwa daga 1 ga Afrilu 2024 ta fara karɓar dalarta 76 daga mai motar lantarki a kan kowace tafiyar kilomita 1,000.

A nan gida lamarin ya sha bamban. Dokar FERMA, hukumar gyaran hanyoyin tarayya, an yi mata gyara a 2007, aka tanadi kashi 5 cikin 100 na farashin fetur da dizal domin hanyoyi: kashi 40 na abin da aka tara ya tafi FERMA, kashi 60 ga hukumomin gyaran hanya na jihohi. Tanadin ya zauna a takarda, ba a aiwatar da shi ba. Dokar haraji da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2025 ta sake ɗauko wannan kashi 5, ta ce sai Ministan Kuɗi ya fitar da umarni kafin a fara karɓa. Ke nan duk shekarun nan da kasafin kuɗi da bashi aka gina hanyoyinmu aka kuma yi musu faci, kuɗin da mai keke da mai tafiya a ƙasa duk suna da hannu a ciki. Babu wanda za ka ci bulus a kansa. Hasali ma a 2024 gwamnatin tarayya ta cire harajin VAT a kan motocin lantarki don mutane su saya.

To ranar da aka fara karɓar kashi 5 fa? A ce lita tana naira 900, abokinka zai riƙa biyan naira 45 a kowace lita. Idan yana ƙona lita biyar a yini, naira 225 ke nan. Kai kuma kana bin hanyar da yake bi, kana ɗaukar fasinjan da yake ɗauka, ba ka biyan ko sisi. A ranar, a ganina, adalci ne ka biya wani abu. Sai dai ina so ka san da wane mudu ya kamata a auna maka, don kada a zalunce ka.

Nauyi ne ke kashe kwalta. Wani babban gwaji da injiniyoyi suka yi a jihar Illinois ta Amurka tsakanin 1958 da 1960 ya nuna cewa idan nauyin da ke kan gatarin mota, wato ƙarfen da ke haɗa tayar dama da ta hagu, ya ninka biyu, ɓarnar da yake wa hanya takan ninka wajen sau 16. Bisa wannan lissafin, gatari mai ɗauke da tan 10 yana cin hanya kamar wucewar gatari mai tan ɗaya har sau 10,000. Gaskiya ne batir na ƙara wa abin hawa nauyi, amma ko ya ƙara wa ƙaramar mota kashi ɗaya cikin huɗu, ɓarnarta sau biyu da 'yan kai kawai za ta ninka, abin da bai kai a ambata ba kusa da tirela. Ka tsaya bakin hanyar Jega zuwa Koko da Yawuri ka ga masu wucewa: tirelolin siminti da shinkafa da albasar Aliero, da tankokin mai, wasu an labta musu kaya fiye da ƙima. Su da ruwan damina da rashin magudanar ruwa ne ke haƙa ramukan da kake kauce wa. Yana min ciwo in ga ana tare ɗan kabu-kabu kan tikiti, tirela mai lodin da ya wuce doka tana wucewa babu sikelin da zai auna ta.

Saboda haka ban yarda da kuɗin bai-ɗaya irin na Texas ba, domin yana daidaita mai fita sau ɗaya a mako da mai kwana a kan hanya. Ɗora harajin a kuɗin wuta ma ba zai yiwu a Kebbi ba: mita ba ta bambance cajin keke da firij, kuma da yawa da sola ko janareto za su yi caji. Shi kansa harajin fetur yana da irin wannan aibin, don manomin rani a fadamar Argungu da ke zuba mai a injin ban-ruwa zai biya kuɗin hanyar da injinsa bai taɓa takawa ba.

Abin da nake ganin ya dace shi ne a haɗa nisa da nauyi. Lokacin sabunta takardu a karanta agogon da ke ƙirga kilomita, a caji kowa bisa ajin abin hawansa, keke da babur su zama a ƙasan jerin, kuma abin da za a ɗora musu kada ya wuce abin da takwaransu mai shan fetur ke biya. Na san da yawan agogunan nan a mace suke, wasu kuma za su mayar da su baya. Inda agogo ba ya aiki sai a yi amfani da ƙiyasin aji, wanda ya fi tsada kaɗan don kowa ya gyara nasa.

Kai dai ka sayi kekenka idan lissafin caji da farashin sauya batir ya yi maka. Ka tabbata agogonsa na aiki, ka riƙa adana rasit ɗin duk abin da ka biya. Idan maganar ta zo gaban ƙungiyarku, ku nemi a rubuta a doka cewa kuɗin da aka karɓa zai shiga asusun gyaran hanya ne, a kuma riƙa bayyana kowace shekara nawa aka tara a Kebbi da hanyoyin da aka gyara da shi.