Mutum nawa ne ke cikin jirgin sama a wannan lokacin?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin lissafi ne, kuma wata ɗalibata ta ga jirgi yana jan farin hayaƙi a samaniyar Maraɗi, sai ta tambaye ni yawan mutanen da ke cikin jirage a duniya duka a daidai lokacin. Shin akwai hanyar sanin haka? Daga mai karatu a unguwar Bagalam, Maraɗi.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya yi wa wannan yarinya albarka, domin tambayarta tana da amsa, kuma alli da allo sun isa a fitar da ita. A taƙaice, a matsakaici akwai mutane fiye da miliyan ɗaya a sama a lokaci guda, adadin da ya zarce mazauna birnin Yamai a ƙidayar 2012.

Kafin ka kai ɗalibai sama, fara kai su kasuwa. A ce mutum 600 ne ke shiga babbar kasuwar Maraɗi a kowace awa, kuma kowa yakan yi awa biyu kafin ya fito. To duk lokacin da ka leƙa za ka tarar da mutum kamar 1,200 a ciki, ko da yake fuskokin suna ta sauyawa. Abu biyu kawai ake bukata: yawan masu shiga da daɗewar da suke yi. Masana lissafi suna kiran wannan ƙa'idar Little, da sunan Ba'amurken nan John Little wanda ya tabbatar da ita a 1961, amma ina ganin duk tsohon ɗan kamasho a tasha ya san ta tun kafin a ba ta suna.

Alƙaluman hukumar ICAO, wadda ke kula da sufurin jiragen sama ta duniya daga birnin Montreal, sun nuna cewa a 2019 jiragen fasinja sun ɗauki mutane kusan miliyar 4.5, wato miliyan 4,500. A lura, hawa ake ƙirgawa, don haka alhajin da ya je Makka ya dawo an ƙirga shi aƙalla sau biyu. Idan aka raba wannan adadi da kwana 365, za a samu fasinja miliyan 12 da ƴan kai a kowace rana. Matsakaiciyar tafiya a wannan shekara ta kai kilomita 1,900, kusan ninki uku na nisan Maraɗi zuwa Yamai, kuma jirgi yakan cinye ta cikin awa biyu da rabi. Awa biyu da rabi kuwa kusan kashi ɗaya cikin goma ne na awa 24, saboda haka kashi ɗaya cikin goma na matafiyan ranar ne ke sama a lokaci guda, wato miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu zuwa uku. Wannan lissafi bai haɗa da sojoji, matuƙan jiragen kaya da masu ƙananan jirage ba.

Adadin ba ya tsayawa wuri ɗaya. Yakan hau tsakanin azahar da la'asar a agogonmu, lokacin da Turai ke tsakar aiki, Amurka kuma ta wayi gari, sannan ya sauka wajen asuba. Yuli da Agusta sun fi Janairu cunkoso. A watan Afrilun 2020, da annobar korona ta rufe iyakoki, zirga-zirgar fasinja ta ragu da fiye da kashi 90 cikin ɗari.

Ina roƙon ka, Malam, ka buɗe wa ɗaliban taswirar Flightradar24 a waya, inda ake ganin jiragen da ke tafiya a take. Za su ga Turai ta cika maƙil har ƙasa ba ta ganuwa, sararin Sahel kuwa sai jirage jefi-jefi, da yawansu ma wucewa kawai suke yi tsakanin Turai da ƙasashen da ke kudu da mu. Wannan ne ya fi taɓa mini zuciya a cikin lissafin: Afirka tana da fiye da kashi ɗaya cikin shida na mutanen duniya, amma kamfanonin jiragenta kusan kashi 2 cikin ɗari kawai suka ɗauka na tafiye-tafiyen 2019, wato mutum kamar 25,000 daga cikin wannan miliyan da ɗoriya.