Ribar da ba ta hawa ba ta sauka a DeFi: akwai asara a ciki?

Tambaya: Malam, ina da 'yan dalolin USDC (kuɗin kirifto da aka ɗaure darajarsa da dalar Amurka) a ajiye. An ce in na ba da su rance a manhajar DeFi (harkar kuɗin kirifto da babu banki a tsakani) na wata shida, ribar ƙayyadaddiya ce. Ashe ke nan babu asara?

Amsa: Alhaji, kuɗin ruwan kaɗai aka ƙayyade. Uwar kuɗin babu wanda ya tsaya maka a kanta.

A manhajojin bashi irin su Aave ko Compound riba tana bin yawan masu neman bashi, yau sama gobe ƙasa. A masu ƙayyadaddiyar riba irin su Pendle kuwa, takardar alƙawari kake saye da rangwame. A ce ka biya santi 95, ran cikar wa'adi ka karɓi dala ɗaya: ribar wata shida kashi 5.3 cikin ɗari ke nan, wajen 10.5 a shekara. Daga nan ka cire kuɗin gas (ladan aiwatar da ciniki) na shiga da na fita, wanda a kan hanyar sadarwar Ethereum yana iya cinye ribar ƙaramin jari.

Inda na fi jiye maka shi ne fita kafin lokaci. Idan kuɗin ruwa ya tashi a kasuwa, farashin takardarka faɗuwa yake. Mai jiran wa'adi ba ruwansa, amma kai ɗan kasuwa ne. Kaya na iya faɗowa da araha a wata na uku, ka matsu, ka sayar da takardar a karye, musamman in masu saye ba su da yawa.

Sannan dalar da za a biya ka, wace iri ce? A Maris na 2023 USDC ta sauka ƙasa da santi 90 bayan rushewar bankin Silicon Valley a Amurka, kafin ta farfaɗo. UST, wata dalar kirifto, ba ta farfaɗo ba: manhajar Anchor na biyan masu ajiyarta kusan kashi 20 a shekara, a Mayun 2022 komai ya rushe. Ga kuma ɓarayin intanet. A Maris ɗin 2023 aka kwashe kimanin dala miliyan 197 daga manhajar bashi ta Euler. An dawo da mafi yawansu, amma sa'a ce, babu inshorar gwamnati irin ta ajiyar banki.

Kafin ka sa ko santi ɗaya, ka binciko wanda ke biyan ribar: masu karɓar bashi ne da suka ajiye jinginar da ta fi bashinsu, ko tallafi ne na jawo jama'a? In na biyun ne, ka ja baya. In na farko ne, ka gwada da rarar da ba za ka nema ba sai wa'adi ya cika, ban da kuɗin saro kaya.