Amsa: Sai na karanta tattalin arziki kafin in nazarci yanke shawara?

Assalamu alaikum. 'Yar'uwa, kin ce kin kammala digirin farko a ilimin halayyar ɗan Adam, kina so ki zurfafa bincike kan yadda mutane ke yanke shawara, amma kina fargabar rashin karatun tattalin arziki zai tare miki hanya. Na daɗe ina koyar da wannan fanni, ina kuma duba ayyukan ɗalibai, kuma a iya abin da na gani, ba a nan gizo yake saƙa ba.

Ki dubi Daniel Kahneman, masanin halayyar ɗan Adam. Ya gama digirin farko a Jami'ar Hebrew da ke Birnin Ƙudus a 1954, inda ya haɗa ilimin halayya da lissafi, ya yi digirin digirgir a Jami'ar California da ke Berkeley, Amurka, a 1961, sannan ya shafe shekaru yana bincike kan gani da tattara hankali, har da auna yadda ƙwayar ido ke buɗewa idan mutum yana fama da lissafi mai wuya. Sai a 1969 ya soma aiki da Amos Tversky, wani masanin halayyar ɗan Adam, kuma a 1979 suka wallafa maƙalar da ta nuna cewa zafin asara ya fi daɗin riba ko da adadinsu ɗaya ne. A 2002 aka ba shi lambar Nobel ta tattalin arziki, alhali bai taɓa zama ajin tattalin arziki ba. Tversky kuwa ya riga ya rasu tun 1996.

Abin da yake kayar da ɗalibaina shi ne ƙididdiga. Sau da yawa ɗalibi zai raba takardar tambayoyi ga 'yan ajinsa ƙalilan, ya dawo yana yanke hukunci a kan al'umma gaba ɗaya, kuma wannan yana damuna matuƙa, domin maƙalar farko da mutanen nan biyu suka rubuta tare, a 1971, ta nuna cewa ko ƙwararrun masu bincike suna faɗawa wannan rami na amincewa da ƙaramin samfuri, wato sakamakon da aka samo daga mutane ƙalilan.

Saboda haka, a digiri na biyu ki nemi malamin da zai tsananta miki wajen tsara gwaji da ƙididdiga, ko da batun bincikensa bai yi daidai da naki ba. Ki kuma nemi abokin aiki mai ƙarfi a inda kike da rauni, wanda ba zai ji nauyin ce miki kin yi kuskure ba. Allah Ya ba da sa'a.