Jinyar Inna a Gombe da Lissafin Zama 'Yar Ƙasar Amurka

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da katin zama na dindindin na Amurka, wato girin kad, kwanan watan da ke jikinsa 15 ga Yuni, 2022. Yanzu wata biyar ke nan ina gida ina jinyar mahaifiyata. Yaushe zan iya neman zama 'yar ƙasa?
Daga wata 'yar'uwa, Jekadafari, Gombe.

Amsa: Wa'alaikumussalam Hajiya, Allah Ya ba Inna lafiya. Daga wannan kwanan watan na jikin kati ake fara ƙirge. Doka ta ce shekara 5, ke nan taki za ta cika ranar 15 ga Yuni, 2027. Amma hukumar USCIS, mai kula da shige da fice da bayar da zama ɗan ƙasa a Amurka, tana karɓar fom ɗin neman zama ɗan ƙasa, wato N-400, tun ana saura kwana 90. Kwana 90 fa, ba wata uku ba. Na ƙirga miki, ya faɗa 17 ga Maris, 2027. Wanda ya yi lissafi da wata sai ya tura ranar 15 ga Maris, a yi watsi da takardarsa saboda kwana biyu kacal. Da a ce mijinki ɗan ƙasar ne kuna zaune tare, shekara 3 ta wadatar.

Ni dai ba ranar ce ta dame ni ba, wata biyar ɗin nan ne. Tafiya ɗaya idan ta haura wata 6, ana ɗauka zaman da doka ke so ki yi a jere a Amurka ya yanke, sai kin kawo hujja cewa ba ki bar aikinki da gidanki na can ba, ko iyalinki suna can. Idan ta kai shekara kuwa, ya yanke ke nan. Bayan haka dole jimillar zamanki a cikin ƙasar ta kai wata 30 cikin shekara biyar ɗin, kuma ki yi wata 3 a jihar da za ki nema.

Na san barin uwa a kwance ba wasa ba ne. Duk da haka shawarata ki zauna da 'yan'uwa a tsara wanda zai karɓe ki, ki koma kafin wata shida ya cika, in ya so ki sake dawowa. Ki riƙa rubuta ranar fita da ta shiga, don fom ɗin yana tambaya.

Fasfonki na Najeriya kuma yana nan, tsarin mulkin 1999 bai hana haifaffen ɗan ƙasa riƙe ƙasa biyu ba.