Ki Tambayi Anti Malama: Muryar 'yata ta dishe, ga taron makaranta ya matso

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. 'Yata tana aji biyu na babbar sakandare a wata makarantar kuɗi a nan Kano. Duk ƙarshen zangon farko, kafin hutun Disamba, makarantar kan kira iyaye a yi biki: wasan kwaikwayo, kacici-kacici, rabon kyaututtuka, sannan 'yan waƙa su rufe taro. Bana ita aka ɗora a kan bayar da waƙa, yara talatin suna yi mata amshi. Kullum sai sun tsaya bita bayan an tashi, har la'asar. Yau kwana biyar muryarta a dishe, da ƙyar ake jin ta, ga shi saura kwana goma. Babanta ya ce a cire ta kawai, ita kuma sai kuka. Na ba ta zuma da lemon tsami, na saya mata alewar TomTom, shiru kake ji. Yaya zan yi?
Maman Hafsa, Gwammaja

Amsa: Wa alaikumus salam, Maman Hafsa. Ki ba Alhaji haƙuri, kada a cire ta tukuna. Kwana goma sun isa muryar ta dawo, in dai za a bar ta ta huta, kuma a nan gizo yake saƙar.

Na daɗe ina koyar da Hausa a sakandaren 'yan mata, kuma 'yan waƙa a hannuna suke. Kusan kowace shekara sai na ga irin wannan, kuma a wannan lokacin dai. Bikin ƙarshen zangon farko yana faɗowa ne a tsakiyar hunturu. Iskar nan da ke kaɗowa daga arewa maso gabas, ɗauke da ƙurar Sahara, ba ta da laima ko kaɗan. Yadda take fasa leɓe da dunduniya, haka take busar da maƙogwaro. A cikin maƙogwaron akwai wasu 'yan tantani guda biyu da ke karkarwa idan iska ta bi ta tsakaninsu, su ne ke fitar da sauti. In sun bushe, aka kuma yi ta gurza su awa biyu a fili cikin hazo, sai su kumbura. Kumburin nan shi ne dishewar da kike ji.

Saboda haka zuma ba ta yi laifi ba, tana sanyaya wuya, amma ba ta kaiwa wurin da ciwon yake, domin hanyar abinci daban, ta numfashi daban. Alewar kuwa daɗin baki ce kawai. Abin da zai yi aiki shi ne ta yi kwana uku ko huɗu ba waƙa, ba doguwar hira, ba ƙwala wa ƙannenta kira daga ɗaki. Har raɗa ki hana ta. Mutane na ɗauka raɗa hutu ce, alhali ita ma takura maƙogwaro take yi. Gara ta yi magana a hankali, kaɗan. Ta riƙa kurɓar ruwa a kai a kai, ko ba ta jin ƙishi, don a sanyi yara mantawa suke yi da ruwa. Safe da dare ki zuba ruwan zafi a roba, ta lulluɓa da zane ta shaƙi tururin kamar minti goma, kina kusa saboda ƙuna. In za ta fita ta sa takunkumi, musamman a cikin adaidaita.

Ga wanda na san ba za ki so ji ba: a ɗaga mata turaren wuta na kwana goman nan. Mu matan Kano ba ma jin ɗaki ya zama ɗaki sai kasko na hayaƙi, ni ma haka nake, amma hayaƙin yana ƙara fusata maƙogwaro. Haka maganin sauro na kunnawa.

Sai ki taka da ƙafarki zuwa makarantar, ba saƙo a waya ba. Ki roƙi malamin waƙar abu biyu. Na farko, a bar ta ta zauna a wurin bita tana saurare, wata ta riƙe mata baitocinta. Na biyu, ranar taro a tabbatar akwai lasifika da makirfo mai aiki, da man janareta. Wata shekara na taɓa yin sakaci da wannan. Wuta ta ɗauke muna tsakiyar baiti na uku, yarinyar da ke bayarwa ta ɗage ta yi ta ihu don iyayen da ke baya su ji, ta ƙarasa waƙar kuwa, aka yi mata tafi, amma sai da ta shafe hutun nan kaf tana magana da hannu. Tun daga ranar na daina ɗora wa mutum ɗaya waƙa sukutum. Nakan raba baitocin tsakanin yara biyu ko uku, 'yan amshi su ɗauki nauyin sauran. Ki ba malamin wannan shawara. In yana da wayo zai karɓa, don shi ma rufin asirinsa ne.

In an yi duk wannan muryar ba ta dawo ba bayan mako biyu zuwa uku, ko tana jin zafi wajen haɗiya, ko zazzaɓi, ko numfashi na yi mata wuya, to magana ta wuce ta biki. Ki kai ta wurin likitan kunne da hanci da maƙogwaro. Akwai su a Asibitin Malam Aminu Kano da Asibitin Murtala. Matsalar numfashi kam ba a jira da ita ko kwana ɗaya.

Ita kuma Hafsa ki gaya mata inji Anti: ranar taro kada ta karya da abu mai maiƙo da yaji, ta riƙe gorar ruwanta a bayan dandamali, ta ɗan yi gunji a hankali, baki a rufe, na minti biyar kafin a kira su. Allah ya ba ta lafiya. Ki rubuto mini bayan hutu in ji yadda aka ƙare.